Musun Jirgin Wembley

Suna ne ya kai ni Ingila. Ɗan yayata da ke aikin jinya a wani asibiti a can ya samu ƙaruwar ɗa namiji, haihuwar fari, uwarsa kuwa ciwon ƙafa ya hana ta doguwar tafiya, sai dangi suka ce in je in tsaya a madadinta. Gidan da yake haya yana Wigan, wani gari a arewa maso yammacin ƙasar, tsakanin Manchester da Liverpool. Na sauka a farkon watan Yuni na 2024, Babbar Sallah na ƙaratowa, lokacin da rana ba ta faɗuwa a can sai bayan ƙarfe tara na dare.

Tun washegarin saukata na lura garin ya yi ado. Tagogin gidaje, shagon mai burodi, motocin haya, har keken jariran da mata ke turawa, ko'ina ƙyalle ne ja da fari. Na tambayi yaron ko wani biki ake yi.

"Kawu, ai ranar Asabar ake wasan ƙarshe a Wembley. Wigan da Warrington."

Na ce masa Wigan ɗin da na sani shuɗi da fari take sakawa, ita ce ta doke Manchester City da ci ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe na kofin FA a 2013, a gidan kallo muka gani. Ya ce waccan ta ƙwallon ƙafa ce, kuma a garin nan ita ce ƙanwa. Babbar yaya ita ce ƙungiyar zari-ruga, kofin da za a buga kuwa shi ne Kofin Ƙalubale na wasan, wanda ake fafatawa a kansa tun 1897.

Maƙwabcinsa na jikin katanga wani dattijon Bature ne da ya haura saba'in, dogo, mai faɗin kafaɗa. Bayan hannuwansa duk ɗigon shuɗin tabo ne, irin na wanda ƙurar kwal ta shiga masa rauni, raunin ya warke da ita a ciki. Ya yi shekara fiye da ashirin a ƙarƙashin ƙasa, har ranar da aka rufe mahaƙarsu a 1992. Ranar suna ya shigo da kyautarsa a hannu, 'yar riga ja da fari daidai jikin jariri. Ya zauna ya ci waina da miyar taushe, yaji ya sa shi gumi, ya kuma nemi ƙari. Da zai fita ya ce yana da tikiti biyu da suka rasa mai su, ɗansa da surukarsa aiki ya tsare su. Idan baƙo yana son ganin abin da ke tara garin nan wuri guda, jirgi zai tashi da safiyar Asabar. Turancinsa irin na mutanen Lancashire ne, rabi nake kamawa, rabi yaron ke fassara mini. Na amsa masa.

Ranar Juma'a bayan mun sauko daga masallaci ya zaga gari da mu. Ya kai mu bakin doguwar hanyar ruwan da aka haƙa da hannu ta haɗa Leeds da Liverpool, inda a da ake loda kwal cikin jiragen ruwa. A gefenta tsofaffin masaƙu ne na jan bulo, hawa-hawa, wasu an mai da su gidajen kwana, wasu ofisoshi. Na daɗe ina kallonsu, domin yunwar irin waɗannan masaƙu ce ta sa Turawan mulki suka ƙwallafa rai a kan audugar ƙasar Hausa. A Manchester aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a 1902, tana cikin masu matsa lamba a ja layin dogo zuwa Kano. Da jirgin ya iso, manomanmu suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, suka karkata gare ta, amma audugar Zariya da Funtuwa ta ci gaba da zuwa wannan yanki. Masu saƙa ta, da masu haƙo kwal ɗin da ke hura injinan, su ne masu wasan da za mu je kallo.

A tsakiyar gari akwai mutum-mutumin wani baƙar fata rungume da ƙwallo. Billy Boston ke nan, haifaffen Cardiff, mahaifinsa ɗan Saliyo. Ya zo Wigan a 1953, ya dangwala ƙwallo sau 478 cikin rigar ƙungiyar, har yau ba wanda ya kamo shi. A gindin mutum-mutumin dattijon ya koya mini dokokin wasa. Ƙwallon siffar ƙwai gare shi. Kowane ɓangare mutum 13, ana yin minti 80. Rungumar ƙwallo ake a ruga da shi, ba a miƙa shi gaba da hannu, sai baya ko gefe. Wanda ya kai shi bayan layin abokan karawa ya dangwala a ƙasa ya samu maki 4, sannan a ba ƙungiyarsa bugu tsakanin dogayen sanduna, in ya shiga ƙarin maki 2. Bugun laifi maki 2 ne, bugun da aka sako ƙwallo ƙasa aka ɗaga shi ana cikin wasa kuwa maki 1. Dokar da ta fi ba ni sha'awa ita ce ta kamu shida: in aka kayar da masu riƙe da ƙwallo sau shida ba su ci ba, ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Shi ya sa bayan kamu na biyar akan buga shi can nesa da ƙafa. Ba hular kwano, ba sulke irin na Amurkawa, jiki ne da jiki.

Asabar, 8 ga Yuni, muka shiga jirgi a tashar Wigan. Taragonmu ya cika da ja da fari, tsoho da yaro, mata da goyo. Giya kam an fara buɗe ta tun da hantsi, abin da bai yi mini daɗi ba, sai dai ban ga wanda ya ci zarafin wani ba. Ba mu yi minti goma sha biyar ba jirgin ya tsaya, ashe tasha ta gaba ita ce Warrington. Garuruwan nan biyu nisansu bai wuce tafiyar Kano zuwa Dawakin Kudu ba. Ƙofa na buɗewa rawaya da shuɗi suka kwararo ciki. Na gyara zama, domin na san abin da ke faruwa a wasu wurare in magoya bayan ƙungiyoyi biyu suka haɗu a ƙuntataccen wuri ranar wasan ƙarshe. Abin da ya faru shi ne wani saurayi ɗan Wigan ya tashi ya ba wata dattijuwa mai rawayar hula kujerarsa, ta zauna daura da ni, jikanta ya raɓa gefenta. Ko jakarta ba ta ajiye ba saurayin ya ce mata, cikin ladabi, ta ji daɗin zaman, don shi ne kawai abin da Warrington za ta samu yau.

Nan musu ya kankama, bai tsaya ba sai Landan.

Saurayin ya zo da hujjojinsa a jere kamar mai karanta lissafin gado. Wigan ce ke riƙe da kambin gasar Super League na 2023. A watan Fabrairu ta karɓi baƙuncin Penrith Panthers, wadda ta ci gasar Ostareliya sau uku a jere, gasar da kowa ya yarda ta fi ta Ingila ƙarfi, ta kuma doke ta 16 da 12. A wasan kusa da na ƙarshe ta casa Hull KR 38 da 6. Kofin nan Wigan ta ɗauke shi sau 20, takwas daga ciki a jere, daga 1988 zuwa 1995, Warrington kuwa sau 9. Rabon Warrington da zama zakarar ƙasa tun 1955, kowace shekara suna cewa bana tamu ce. Ya rufe da cewa ko makon jiya ma sun haɗu, a gidan Warrington, Wigan ta yi nasara.

Dattijuwar ta bar shi ya gama tsaf. Sannan ta tambaye shi da nawa aka tashi makon jiyan. Ya ce 19 da 18. Ta ce to, kocinsu Sam Burgess ya hutar da mafi yawan manyan 'yan wasansa a ranar, yara ya zuba, wasu ma ranar suka fara sa rigar, amma da maki ɗaya tak zakarun duniya suka sha da ƙyar. A wasan kuma Wigan ta yi asarar mutum biyu, Adam Keighran da Tyler Dupree, an dakatar da su, yau daga gefe za su kalla. Wanda zai maye gurbin Keighran yaro ne ɗan shekara 20, Zach Eckersley, wanda wasannin da ya buga wa babbar ƙungiya ba su cika yatsun hannu biyu ba. Su kuwa sun je har gidan St Helens sun doke ta 31 da 8, sun bi ta kan Huddersfield 46 da 10. Suna da George Williams, kyaftin ɗin Ingila, wanda a Wigan ya koyi wasa, ya san gidan ciki da bai. Da ta zo kan Burgess sai muryarta ta canza. Ta ce wannan shi ne mutumin da ƙashin kuncinsa ya karye a kamun farko na wasan ƙarshe na Ostareliya a 2014, ya ƙi fita, ya gama wasan, South Sydney ta ɗauki kofi, aka zaɓe shi gwarzon ranar. Yaran da irin wannan mutum ke horarwa ba za su ji tsoron ja da fari ba.

"Kuma ka tuna 2019," in ji ta. "Duk duniya ta ba St Helens kofi tun kafin a busa usur. Da nawa muka tashi?"

Jikanta ne ya amsa: "18 da 4."

Wani mutum da ke tsaye a bakin ƙofa, sanye da riga mai zanen damisa, ya sa baki. Ɗan Leigh ne, garin da ke ƙarƙashin ƙaramar hukuma ɗaya da Wigan amma bai taɓa yarda shi ɗan Wigan ba ne. Ya ce su yi musunsu a hankali, domin har zuwa ƙarfe biyar na yamma kofin na Leigh ne. Su suka ɗauke shi a 2023, shekarar da suka hauro babbar gasa, bayan shekara 52 suna jira. An cika lokaci ana 16 da 16 da Hull KR, aka ƙara lokacin da duk wanda ya fara samun maki ya ci, Lachlan Lam ya ɗaga ƙwallo tsakanin sanduna, ubansa Adrian Lam kuwa shi ne koci. Aka tambaye shi wa yake ganin zai ci yau. Ya ce kansa yana gaya masa Wigan, amma ya roƙi Allah ya ƙaryata kan.

Duk wannan abin da ake yi dattijonmu bai ce uffan ba. Na zaci shi ne zai fi kowa zaƙewa. Saurayin ya juyo ya nemi ya goya masa baya, sai ya girgiza kai. Ya ce shi ya daina faɗin wanda zai ci tun ranar 2 ga Mayu, 1998. A ranar ya hau irin wannan jirgi, ya je tsohon filin Wembley, Wigan da Sheffield Eagles. Wigan na da Jason Robinson, da Andy Farrell, da Henry Paul, 'yan wasan da ake kiran sunansu a kowace ƙasar da ake wasan. Sheffield ƙungiya ce da aka kafa a 1984, a garin da ƙwallon ƙafa ya cinye zukatan mutane, 'yan kallonta ba su taka kara sun karya ba. Ya ce a cikin jirgin ranar ba a yi musun wanda zai ci ba, musun da nawa za a ci aka yi. Minti kaɗan da farawa Sheffield ta dangwala. Suka ce ai yanzu Wigan za ta farka. Aka je hutun rabin lokaci ana 11 da 2, suka ce yanzu kam za ta farka. Aka tashi 17 da 8. Ya ce abin da bai manta ba shi ne shirun jirgin komawa, awa biyu da wani abu, ba ka jin komai sai ƙarar ƙarfe a kan dogo. Ɗan hakin da ka raina, in ji mutanenmu. Ya ce wa saurayin: duk abin da ka lissafa gaskiya ne, ɗana, amma ba ko ɗaya daga ciki da zai shiga fili ya yi maka kamu.

Akwai kalmar da Turawa ke kiran ƙungiyar da aka fi sa wa rai da ita, kuma a ƙasar kalmar ta zama ta 'yan caca. Kofin kansa sunan wani kamfanin caca ne manne da shi, abin da na ɗauka asara ce ga wasan da talakawa suka gina da guminsu. Amma a taragon nan ban ji wanda ya kafa hujja da farashin 'yan caca ba. Kowa da abin da idonsa ya gani yake musu, ko abin da ubansa ya ba shi labari. Saurayin da ke lissafa kofuna ashirin garinsa yake karewa, garin da aka rufe wa mahaƙa da masaƙa, abin da ya rage masa da duniya ta san shi da shi shi ne wannan ƙungiya. Dattijuwar ma haka. Warrington gari ne da aka san shi da sarrafa wayar ƙarfe, har yau laƙabin ƙungiyar ke nan, Waya. Musun ya tuna mini da gidan damben da nake zuwa ina yaro, inda kafin a ɗaure hannu 'yan Arewa da 'yan Kudu da Guramada kan yi ta musun wanda zai yi kisa, kowa na kawo tarihin wanda ya kashe wa a wace kaka. Mai musun ya san hannu ne zai raba gardama. Yana yi ne don a san shi ɗan wane gida ne.

Da aka tambaye ni, a matsayina na baƙon da ba shi da ɓangare, na ce hujjar saurayin ta fi nauyi. Ƙungiyar da ta saba da manyan ranaku ba ta cika ruɗewa ba, kocin Warrington kuwa, duk da jarumtarsa, shekararsa ta farko ke nan a kan wannan aiki, alhali Matt Peet na Wigan ya riga ya ɗauki wannan kofi a 2022. Dattijuwar ta yi murmushi, ta miƙo mini alewa, ta ce mu haɗu da yamma.

Jirgin ya ratsa wata tasha da gudu bai tsaya ba. Dattijon ya nuna mini allon sunanta: Rugby. A makarantar 'ya'yan masu hali ta wannan gari wasan ya samo sunansa na Turanci. Ya ce jirginmu bai tsaya ba, kuma daidai ne, don mutanen nan ba su tsaya mana ba. A ƙarshen ƙarni na 19 wasan ya bazu cikin ma'aikatan arewa, waɗanda ke aiki har ranar Asabar. Mai haƙar kwal in ya bar aiki ya je buga wasa, an yanke masa ladan ranar. Ƙungiyoyin arewa suka nemi izinin biyan ɗan wasa abin da ya rasa. Shugabannin wasan a Landan, lauyoyi da likitoci da 'ya'yan attajirai waɗanda hutun Asabar bai rage musu komai ba, suka ce wanda ya karɓi kuɗi ya ɓata wasa. Ranar 29 ga Agusta, 1895, aka yi taro a otal ɗin George da ke Huddersfield, ƙungiyoyi 22 suka ɓalle, Wigan da Warrington na ciki. Suka yanke a riƙa biyan ɗan wasa har sule shida a kan ranar aikin da ya rasa. A 1906 suka rage 'yan wasa daga 15 zuwa 13 don wasan ya ƙara sauri, mai biyan kuɗin ƙofa ya ga abin da ya biya. Su kuwa na kudu suka haramta wa duk wanda ya taɓa buga wasan arewa shiga nasu, haramcin bai faɗi ba sai 1995, shekara ɗari cif. Wannan ne ya sa har yau taswirar wasan a Ingila ba ta cika wuce jerin garuruwan da ke bin babbar hanyar M62 ba, daga kusa da Liverpool zuwa Hull. Zuwa Wembley kuwa, wanda aka fara a 1929 lokacin da Wigan ta doke Dewsbury 13 da 2, shi ne ranar da arewa ke sauka babban birni sau ɗaya a shekara. Dattijon ya ce a zamaninsu tun daga kaka ake tara kuɗin tafiyar, kowane mako a ajiye kaɗan, kamar adashi.

Daga tashar Euston muka bi jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Wembley Park. Muka samu wuri muka yi sallarmu ta matafiya, dattijon na tsaye yana riƙe mana jaka. Doguwar hanyar da ke miƙewa zuwa filin, ƙarƙashin ƙaton bakan ƙarfen nan mai tsayin mita 133, cike take da riguna kala-kala. Ga na Castleford, ga na Hull, ga na Batley waɗanda suka ɗauki kofin farko. Wani tsoho ɗan Featherstone, ƙauyen masu haƙar kwal, ya ji muna maganar wanda aka fi sa wa rai, ya tsaya ya gaya mana cewa a 1983 ƙauyensu ya doke Hull, zakarar ƙasa ta shekarar, 14 da 12, ya wuce abinsa. Mutanen nan ƙungiyoyinsu ba sa cikin wasan, sun zo ne kawai don ranar tasu ce.

A wajen filin akwai mutum-mutumin gwarazan wasan su biyar. Boston na ciki. Akwai kuma wanda ke durƙushe a kan gwiwoyinsa, shi ne Martin Offiah, haifaffen Landan, iyayensa 'yan Nijeriya. A wasan ƙarshe na 1994 da Leeds ya karɓi ƙwallo kusa da layin gidansu, ya ratsa fili tun daga wannan kai har wancan, ya dangwala, ya faɗi a kan gwiwa. Na yi shekaru ina bin labarin 'yan Nijeriya masu wasa a Turai, ban taɓa jin an ambaci sunansa a majalisarmu ba, ga shi an zuba shi da tagulla a ƙofar Wembley.

Amma a ranar ba a iya ganin gindin mutum-mutumin, furanni da riguna da mayafan wuya sun rufe shi, mafi yawa ɗauke da lamba 7. Kwana shida kafin nan, ranar 2 ga Yuni, Rob Burrow, mai riga lamba 7, ya mutu yana da shekara 41. Ɗan ƙaramin mutum ne, tsayinsa bai wuce santimita 165 ba, a wasan ƙarti, amma ya ci gasar Super League sau takwas da Leeds. A ƙarshen 2019 aka gano yana da cutar da ke kashe jijiyoyin motsa jiki, ta ɗauke masa ƙafa, ta ɗauke hannu, ta ɗauke murya. Bai ɓuya ba, ya bari duniya ta ga abin da cutar ke yi, shi da abokinsa Kevin Sinfield suka tara miliyoyin fam don masu fama da ita. Sinfield ya yi gudun dogon zango sau bakwai cikin kwana bakwai a 2020. A 2023 ya tura shi a keken guragu tsawon tseren Leeds, da suka zo ƙarshe ya ɗauke shi a hannu suka tsallake layi tare. Mahaifin Sam Burgess ma wannan cuta ce ajalinsa. A nan na ga saurayin jirginmu tsaye, ya cire mayafin wuyansa ja da fari ya ajiye a kan tarin, idonsa ya yi ja.

Don girmama lambarsa aka sa lokacin farawa ƙarfe 3:07. Mu 64,845 ne a filin. Aka rera tsohuwar waƙar cocin da suka saba yi kafin wasan ƙarshe, aka yi shiru na minti ɗaya, shirun da ban taɓa jin irinsa a taron mutane ba.

Wasan ya fara da zafi fiye da kima. Cikin mintuna na farko alƙali ya kori Mike Cooper na Wigan na minti goma saboda kamu a kai, ba a jima ba ya kori Matt Dufty na Warrington a kan laifi iri ɗaya. Da agogo ya kai minti na bakwai kowa ya miƙe, aka yi ta tafi, ana wasa a ƙasa. Warrington ce ta fara samun maki 2 da bugun laifi daga ƙafar Josh Thewlis, ɓangaren rawaya ya ɗauki sowa, dattijona ya runtse ido. Sai Bevan French, ɗan ƙabilun asali na Ostareliya, ya gangara ƙwallo da ƙafa ta tsakanin masu tsaron Warrington, wanda ya bi shi ya dangwala kuwa shi ne Eckersley, yaron da aka ce shi ne raunin Wigan. Jim kaɗan French da kansa ya kutsa ya miƙa hannu ya kai ƙwallo kan layi. Harry Smith ya buga duka biyun suka shiga. Aka je hutu ana 12 da 2.

Abin da talabijin ba ya kawowa shi ne ƙarar haɗuwar jiki, tana isowa har inda muke zaune. Na sa ido a kan wani dogon saurayi baƙi a sahun Wigan, Junior Nsemba, wanda iyayensa 'yan Kamaru ne, a Wigan aka haife shi. Ya yi kamu, ya tashi, ya ja da baya mita goma, ya sake zuwa, haka har aka tashi. A nan na gane abin da ya raba ƙungiyoyin biyu. Warrington na da gudu da dabara, amma ƙwallo ya yi ta suɓuce musu a inda bai kamata ba, kamun su shida ya yi ta ƙarewa ba su kai ko'ina ba. Wigan ba ta yi gaggawa ba. Bayan hutu Jai Field ya ɓalle ta gefen hagu ya miƙa wa kyaftin Liam Farrell, haifaffen Wigan, ya dangwala, 18 da 2. Dufty ya rama ɗaya, ta zama 18 da 8, ɓangaren rawaya ya sake samun murya, dattijon ya kama hannuna ya riƙe. Bai sake ni ba sai da aka busa tashi. Kofi na 21. 'Yan jarida suka ba French kyautar Lance Todd ta gwarzon wasa.

Mutane suka fara fita, shi kuwa ya ce mu dakata. Akwai wasan ƙarshe na ƙananan ƙungiyoyi da ake bugawa bayan babban, kofin da aka raɗa wa suna 1895. Wakefield ce da Sheffield Eagles, kocin Sheffield kuwa Mark Aston, mutumin da aka zaɓa gwarzon wasa ranar da suka kunyata Wigan a 1998. Wakefield ta yi musu 50 da 6. Da 'yan Sheffield suka zo gaida 'yan kallonsu, dattijon ya miƙe tsaye ya tafa musu.

Ba mu haɗu da dattijuwar a jirgin komawa ba, na kuwa duba. Taragon ya cika da rawaya da ja a gauraye, wasu na barci, wasu sun riga sun fara musun wanda zai ci gasar Super League a watan Oktoba. A Warrington masu rawaya suka sauka, 'yan Wigan suka yi musu sai da safe. Hasashena ya yi daidai, amma da na sake auna maganarta ban samu ƙarya ko ɗaya a ciki ba, kuma da ba don irinta ba, masu shiga jirgi da yaƙinin cewa ƙarami na iya kayar da babba, da kofin nan bai kai shekara ɗari da ashirin da bakwai ana cika fili dominsa ba.

Na dawo gida bayan Sallah, na bar wa yaron amanar ya riƙa aiko mini da sakamako. A Oktoba Wigan ta doke Hull KR 9 da 2 a wasan ƙarshe na gasar Super League a Old Trafford, ta haɗa kofuna huɗu cikin shekara ɗaya. A watan Maris na 2025 kuwa Hull FC, wadda wasa uku kacal ta ci a gasar shekarar da ta gabata, ta je har gidan Wigan ta fitar da ita daga Kofin Ƙalubale, 26 da 22. Warrington ta sake komawa Wembley ranar 7 ga Yuni, tana gaba da 6 da 2 har saura 'yan mintuna, Hull KR ta dangwala, Mikey Lewis ya buga ya shiga, aka tashi 8 da 6.